Jan Katin Tiyumba

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Wannan littafin na tsara darasi ne, da safe shugaban makarantarmu Masta Nindoo ya raba mana. To, ya yi haƙuri, yau ba darasi zan rubuta ba. In ban sauke abin da ke raina a takarda ba, a kan 'ya'yan mutane zan sauke shi.

Mba Ziblim ya zo makaranta. Da ƙafarsa ya zo, yana dogara sanda, tsohon da ko asibiti sai an ɗora shi a babur. Muna cikin rera haruffa na hango farar hularsa ta taga. Na fita na durƙusa, yana gaisuwa ina amsa "naa, naa," yadda ake amsa wa manya a ƙasar nan, har gwiwata ta yi tsami. Sai da ya tambayi lafiyar kajina, sannan ya ce, "Madam Sanatu, ke kika koya wa jikata ta ce wa manya a'a?"

Jikar tasa ita ce Tiyumba. Shekararta takwas, tana ajina na biyu, kujerar gaba ta hannun dama. Tana ji sarai, tana gane komai, har abin da ban so ta gane ba. Baki ne dai ya ƙi. Tun zazzaɓin da ya sa ta jijjiga tana shekara uku harshenta ya yi nauyi. Wuyanta kuma yana kaɗawa shi kaɗai, don haka ko ta girgiza kai ba mai ɗaukarsa magana.

Bara an tura ni horon mako biyu a Tamale, wata mata mai gyaran magana ta nuna mana yadda ake yi wa irin waɗannan yara katuna. Na dawo na yayyanka kwalin sabulu, na zana kofi, kwano, makewayi, gida, fuskar uwa, ciki mai ciwo. Na huda su na zura a igiya, ta rataya a wuya. Yanzu sun kai goma sha huɗu. Kore shi ne i. Ja shi ne a'a, kuma shi ba zane ba ne, tafin hannunta na shafa wa jan fenti na danna a kwali. Ranar da ta gane aikinsa ta yini tana ce wa kowa a'a, har akuyar da ta leƙo aji. Kafin nan cizo take yi, tabon haƙoranta yana nan a hannuna.

Shekaranjiya aka yi suna a gidansu. Tsohon ya kira ta gaban baƙi ya ce ta nuna musu yadda take magana da kwali. Ta ɗaga ja. Ya sake faɗa, ta ƙara ɗaga shi sama. Baƙi suka tuntsire da dariya, wani abokinsa ya ce, "Ziblim, yau ka gamu da alƙalinka!"

"Tun kakana," in ji shi, "ba a taɓa jin yarinya ta ce wa mai furfura a'a a gidan nan ba. Masu baki ba su faɗa ba, sai marar baki? Ko ki cire jan abin nan, ko ta zauna gida."

Na ce, "Naa." Me zan ce?

Talata, 6 ga Mayu, lokacin tara

Na kai ƙara wajen Masta Nindoo, wai ko zai tsaya mini. Yana cin gyaɗa yana saurare, bai ko tsayar da tauna ba.

"Madam, kati nawa ne a igiyar?"

"Sha huɗu, Masta."

"To a cire ɗaya, saura sha uku. Ni a lissafina sha uku ya fi babu."

"Masta, ba ɗaya ba ne kamar sauran. In aka ce maka daga yau ba za ka ƙara cewa a'a ba fa?"

Ya yi dariya har gyaɗa ta shaƙe shi. "Ai ni tun da na yi aure aka cire mini nawa, ga ni da raina."

Raina ya ɓaci, amma na san gaskiya a cikin maganarsa. In ta zauna gida, shi ke nan, ta koma kamar da, wadda ake magana a kanta tana zaune. Na koma aji na ce ta ba ni igiyar zan gyara. Ta cire da kanta ta miƙo mini, tana murmushi, don duk ranar da na ce gyara, sabon kati take samu. Na juya baya na sa reza. Na ɗaure wurin da ƙulli biyu don kada sauran su zube.

Jan yana aljihun teburina, ƙarƙashin alli.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan azahar

Ta duba ƙarƙashin kujera. Ta duba jaka. Ta fita ta bi hanyar makewayi tana kallon ƙasa. Sannan ta zo ta tsaya gabana ta kama ƙullin ta nuna mini.

Na ce mata mu yi haruffa.

Juma'a, 9 ga Mayu, da rana

An raba shinkafa da wake a makaranta. Mai rabon mace ce mai kirki, tana tausayin Tiyumba, kullum sai ta ƙara mata ludayi. Da can sai yarinyar ta ɗaga ja, matar ta ce, "To sarauniya, na ji," ta wuce. Yau ta zo da ludayin. Tiyumba ta lalubi igiya, ta lalubi igiya, ludayi ya riga ya sauka. Sai ta ture kwanon, abinci ya watse a ƙasa, ta kama hannun matar ta gantsara mata cizo.

Wata takwas rabon Tiyumba da cizo. Na ƙirga.

Na ba matar haƙuri, na wanke mata hannu. Ta ce, "Madam, ina ɗan jan nan? Ai da shi muke zaman lafiya." Na ce ya lalace.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan la'asar

Yau an yi abu mai daɗi, bari in fara da shi.

Dokar ajina ita ce, in na yi wa Tiyumba tambaya, kowa ya kama bakinsa har numfashi goma. Yara sittin da biyu, kuma yaran garin nan, waɗanda ko a jana'iza sai sun yi surutu. Na sha wahala kafin su koya. Amma yanzu in na ce, "Tiyumba, wane harafi ne wannan?" sai aji ya yi tsit, ka ji suna ta jan numfashi da ƙarfi kamar masu busa wuta. A na bakwai ta tashi ta ɗauki alli. Layin ya karkace, amma T ce, ta farkon sunanta. Aji ya kaure da tafi. Ita kuwa ta koma ta zauna tana shan ƙamshi, kamar ta saba.

Ban gama jin daɗin ba uwarta Pagnaa ta zo ɗaukarta. Ta ja ni bayan aji, tana wasa da bakin mayafi.

"Madam, goggonta za ta zo ranar Asabar."

"Wace goggo?"

"Sibiri, 'yar Mba Ziblim ta Yipala, yayar babanta. Tsoho ya aika mata. Ya ce lokaci ya yi."

Ban tambaya lokacin me ba. Duk wadda aka haifa a ƙasar nan ta sani. 'Ya mace ta goggonta ce, in ta tasa a kai mata ta riƙe. Ni ma haka aka yi mini ina shekara bakwai, na yi kuka har muryata ta dishe, aka ce duk haka suke yi. Goggona ba muguwa ba ce, Allah ya ji ƙanta. Amma ni ina da baki, in ƙaya ta soke ni zan faɗa.

Na ce, "Ai na cire katin. Ya ce in na cire zai bar mana ita."

"Cewa ya yi za ta zo makaranta. Ga ta tana zuwa." Pagnaa ta share ido. "Tun ranar suna bai ƙara kiran sunanta ba, Madam. In ta wuce sai ya kau da kai."

"Babanta fa?"

"Wumbei yana Kumasi. Ya ce a waya abin da tsoho ya yanke shi ne."

Daga Yipala zuwa makaranta mafi kusa tafiyar awa biyu ce, kuma da rafi a tsakani. Ba wanda ya san katunanta a can.

Alhamis, 15 ga Mayu, da safe

Na buɗe aljihun tebur in ɗauki alli. Na rufe. Na ari na ajin kusa.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Pagnaa ta aiko. Sibiri ta iso tun yau, kuma ta ce ita ba za ta ɗauki yarinyar da ba ta so ba. Ta ji labarin katuna, ta ce gobe a tambayi Tiyumba a zaure gaban kowa, a kira malamarta ta zo ta fassara. An ce tsohon ya yi tsaki, amma ya yarda, don Sibiri ce kaɗai cikin 'ya'yansa take iya ɗaga ido ta dube shi.

Na koma makaranta na ɗauko jan katin. Fentin ya ɗan goge a babban yatsa. Na naɗe shi a ƙyalle na sa a jaka. Gobe kafin mu shiga zaure zan mayar mata da shi. Abin da zai faru ya faru, kora ce dai, ba yanka ba.

Na ji sanyi a raina. Na daɗe ban ci tuwo da daɗi kamar na yau ba.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan azahar

Na je. Na dawo.

Lahadi, 18 ga Mayu, da hantsi

Na wanke kayan da na wanke jiya. An yi ruwa, na bar su a igiya.

Litinin, 19 ga Mayu, lokacin tara

Sittin da ɗaya.

Na kira suna na tsallake nata, yara suka ce, "Madam, kin manta Tiyumba." Na ce ta yi tafiya. Wata ta ce, "Ta tafi da katunanta?" Na ce duk wanda ya ƙara magana zai share fili.

T ɗinta tana nan a ƙasan allo. Na goge ko'ina na bar wurin.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan la'asar

Masta Nindoo ya ce in matsar da wani yaro kujerar gaba, tunda babu kowa. Na ce masa kujerar ta karye. Ya girgiza ta, ya hau ya zauna, ya ce, "Madam, wannan ai ta fi tawa lafiya." Na ce to ya ɗauka ya kai ofis ya yi ta cin gyaɗa a kai. Ya dube ni ya fita. Ban kyauta ba. Ba shi ya yi mini komai ba.

A hanyar gida na haɗu da Pagnaa ta dawo daga tsintar kaɗanya, kwarya a ka. Na rage tsawo na gaishe ta. Ta amsa sau ɗaya ta wuce. Mace ce da in ta kama gaisuwa sai ka roƙe ta ta sake ka.

Jakar tana rataye a ƙusa. Ban buɗe ta ba tun Asabar, wata nake ɗauka.

Alhamis, 22 ga Mayu, da rana

Na yi wa aji tambaya, sai na ji sun yi tsit suna jan numfashi. Ashe kujerar gaba na kalla ina tambayar. Har goma suka kai.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Bari in rubuta. Kwana shida ina zagaye shi kamar kaza da wuta, kuma ba wanda zai karanta sai ni.

Na makara ranar Asabar, ko kuwa na ja ƙafa ne, Allah ya sani. Na tarar an riga an zauna. Mba Ziblim a kan buzu, ƙannensa biyu a gefe, Sibiri a kan tabarma, Tiyumba a tsakiya da igiyarta a wuya. An yi mata kitso. Pagnaa tana tsaye a bakin ƙofa ta ciki, don matar ɗa ba ta zama a zauren suruki. Na durƙusa na yi ta "naa," jakata a cinya. Ina jin kaurin kwalin ta cikin ƙyallen.

Sibiri doguwa ce, muryarta kamar ta namiji. Ta dubi yarinyar, ba ta dubi kanta ba kamar yadda mutane ke yi, ta ce, "'Yata, ni goggonki ce. Ina da ɗaki, ina da awaki, ba ni da 'ya a gabana. Za ki bi ni Yipala? In ba kya so, ki faɗa da abin wuyanki. Ba mai dukan ki."

Tiyumba ta kama igiya. Kofi, kwano, makewayi, gida. Ta wuce kore ba ta tsaya ba. Ta kai ƙarshe, ta sake dawowa daga farko. Sau uku. Wuyan yana ta kaɗawa, wani ƙanen tsohon ya ce, "Kun gani, rawa take yi don murna." Daga nan ta kama ƙullin nan, wurin da na yanke. Ta ɗaga shi sama da yatsu biyu har igiyar ta shaƙe mata wuya. Ba goggonta ta nuna wa ba. Ni ta nuna wa.

Sibiri ta juyo. "Madam, me ta ce?"

Hannuna yana cikin jaka. Wallahi yana ciki, na taɓa shi. Na ɗaga ido sai na ga tsohon yana kallona. Bai harare ni ba, bai yi gyaran murya ba, kallo ne kawai irin na kakana ranar da aka ɗora ni a keken goggo. Sai na ji na koma 'yar shekara bakwai, gwiwa a ƙasa, gaban masu furfura uku. Ni da na karanta har kwaleji, ni da nake da baki har yana mini yawa.

Na ce, "Ba ta ce komai ba."

Haka na ce. Tsohon ya ce, "Shirun yarinya yarda ce." Aka shafa fatiha. Tiyumba ba ta yi kuka ba, ba ta ciji kowa ba. Ta saki ƙullin ta ci gaba da kallona har na tashi. A bakin ƙofa na wuce Pagnaa, ita ma ta san katunan nan kamar yadda na san su, ni na koya mata. Ta ga abin da 'yarta ta ɗaga, kuma ta ji abin da na ce.

Na cuci yarinyar nan sau biyu. Na farko ina da hujja, na biyu ba ni da komai sai tsoro. Ina jin kunyar kaina, ina jin kewarta, kuma ban san wanne ya fi ciwo ba.

Litinin, 26 ga Mayu, da safe

Wani ya goge T ɗin. Ban tambayi ko wane ne ba.

Laraba, 28 ga Mayu, bayan azahar

Pagnaa ta zo gidana. Ba ta zauna ba, ba ta karɓi ruwa ba.

"Sibiri ta aiko da mai kai kaɗanya. Yarinya ba ta cin abinci sosai. Ta cire igiyar ta rataye a jikin garu tun ranar da suka isa, ko an miƙa mata sai ta juya baya. Sibiri ta ce ba ta san ko ciwo ne ko fushi ba. Ta ce ko malamar za ta zo ta koya mata abin."

Na ce, "Mman Tiyumba, ranar nan..."

"Na gani, Madam." Ta gyara goyon bayanta. "Ni ba a ba ni wurin magana ba. Ke an ba ki."

Ta tafi. Na sauko da jakar daga ƙusa.

Asabar, 31 ga Mayu, da yamma

Na tafi Yipala a babur mai ɗaukar kaya, tsakanin buhun gishiri da wata tsohuwa mai zabi. A rafi muka sauka muka tura, taɓo har gwiwa. Na isa da hantsi kamar wadda aka tono.

Sibiri tana dafa ƙwarar kaɗe a tsakar gida. Ta ga ƙafafuna ta yi dariya. "Madam, makaranta ta kore ki ne kika koma ginin tukwane?" Ta ba ni ruwa na wanke, ta ba ni koko. Gidan tsaf yake. Na hango igiyar a jikin garu, kusa da tsintsiya, ruwa ya taɓa katin kofi ya kumbura.

Ban bari kokon ya huce ba na faɗa mata, don na san in na jira zan sake haɗiyewa. Na fito da jan katin na ajiye a tabarma, na ba ta labari tun daga ranar suna har ƙulli. Ta daina juya tukunya.

"Wato yarinyar ta amsa mini."

"Ta amsa, Mma Sibiri."

"Ta ce ba ta so."

"Haka ta ce."

"Ke kuma kika ce ba ta ce komai ba." Ta ɗauki katin ta ɗora tafinta a kan ɗan tafin. "Ni ban yi boko ba, Madam, amma da wannan na gani ba sai na nemi mai fassara ba. Kin sa na ɗauko 'yar mutane kamar akuya, ina ta murna na samu 'ya. Mako biyu ina dafa mata abin da ni ban ci."

Ta share fuska da bakin zane, ta ce hayaƙi ne.

"In an gama kaɗanya zan mayar da ita in sake tambaya a zauren nan, da wannan a wuyanta. Ke kuma ki zo ki faɗa wa tsohona abin da kika faɗa mini, da bakinki. Amma kin san halinsa. In jan nan ya koma wuyanta, ko ta koma gida ba zai bar ta ta taka makarantarku ba."

"Na sani."

"To ki koya mini sauran kafin ki tafi, don ban san ko kwanon nan abinci ne ko wanke-wanke ba."

Mun yi awa guda a kai. Tana da kai. Na koya mata jiran numfashi goma, ta ce, "Goma? Ni da ko mijina ban taɓa jira ya kai uku ba." Na kwance ƙullin da haƙori, na zura jan a wurinsa, tsakanin kore da fuskar uwa.

Tiyumba tana can bayan ɗakuna ƙarƙashin mangwaro, tana ware ƙwara. Ta rame, kitson ya tsufa. A ƙasa kusa da ita na ga T, T, T, an zana da tsinke, sun fi ashirin. Ta ɗago ta gan ni, ta mayar da kai.

Na durƙusa a gabanta yadda nake durƙusa wa manya. Na ce, "Tiyumba, ni na cire shi, ba ɓata ya yi ba. Ranar nan kuma na ga abin da kika ce, na yi ƙarya. Ga shi na dawo da shi." Na ajiye igiyar a ƙasa tsakaninmu.

Ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta ɗauka, ta bi katunan ɗaya bayan ɗaya har ta zo kansa. Ta goge masa ƙura da rigarta. Ta rataya.

Zuciyata ta yi fari, har na fara surutu kamar yadda na saba. Na ce aji suna gaishe ta, kujerarta tana nan, na zo mata da alli da sababbin katuna biyu. Na buɗe hannuwana na ce, "Zo wajen Madam, 'yata. Zo."

Ta lalubi igiya. Ba ta yi kuskure ba, ba ta yi gaggawa ba. Ta ɗaga jan a saitin idona, hannu a miƙe, yadda na koya mata.

Na sauke hannuwana. Na ja numfashi goma ko za ta canza, Sibiri tana tsaye a bayana ina jin tana ƙirgawa a hankali. Mun kai goma ba ta sauke ba.

Na ce, "Na ji, Tiyumba."

Na ajiye mata allin a gindin mangwaron, na tashi na nemi babur.